Ga ƙannena masu shiga aikin koyarwa: ɗalibin da ya sauya hali

A makarantun gwamnati da na koyar a cikinsu a Damagaram akwai darakta, akwai mai kula da ladabi da rajistar fashi, akwai kwamitin iyaye, amma ban taɓa tarar da mutum guda da aka ɗauka domin ya zauna ya saurari ɗalibi idan damuwa ta yi masa yawa ba. A ƙasashen da suka tanadi irin wannan mai ba da shawara, ana koya masa aikin a jami'a, ana ba shi ofis nasa, kuma ba ya ba da maki balle ya yi horo, don haka yaro ba ya fargabar abin da ya faɗa ya dawo masa a takardar sakamako. Mu kuwa wannan nauyi yana faɗawa ne kan malamin aji, wanda sau da yawa ɗan kwantiragi ne da bai daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, ga yara sun cika aji maƙil, wani lokaci ma ajin na zana ne. Ku da za ku karɓi alli a watan Oktoba, aikin zai same ku ko kun shirya ko ba ku shirya ba, shi ya sa nake so ku ji inda na yi tuntuɓe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna somawa ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba, wato daidai lokacin da yake hannunmu a kwaleji. Akasarinsu ba abin da jama'a ke kira hauka ba ne. Baƙin ciki ne mai daɗewa, da fargaba, da rashin barci, kuma yaranmu ba su cika kiran abin da sunansa ba. Za su ce kai ke ciwo, ko zuciya ke bugawa, ko kuma su sunkuyar da kai su ce ba komai.

Akwai wani yaro da na koyar a ajin farko na kwaleji, wanda aka kawo daga ƙauye aka ajiye shi wajen wani dangi a cikin gari. Farkon shekara hannunsa kullum a sama yake, rubutunsa tsaf. Bayan hutun Disamba sai ya koma bencin baya, yana kifa kai a kan tebur, littafinsa babu komai sai kwanan wata. Na yanke hukunci cewa birni ya buɗe masa ido ya shiga lalaci, na sa shi durƙuso a gaban allo, na kira shi malalaci a gaban ƴan'uwansa, kuma na ji a raina cewa na yi aikina. Sai bayan ya daina zuwa na ji daga bakin wani abokinsa cewa mahaifiyarsa ta kwashi ƙannensa ta bi hanyar Aljeriya, kuma tun da ta tafi babu labari. Duk wanda ya san yankin Kance da ke jihar Damagaram ya san abin da wannan hanya take nufi, domin a watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, da dama kuma daga can suka fito. Yaron yana kwana ido biyu yana lissafin ko uwarsa tana raye, ni kuma ina auna shi da jan biro.

Abin da ƙwararren mai ba da shawara zai fara lura da shi a nan shi ne sauyin. Yaron da tun asali shiru-shiru ne ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ya kamata a bi sawunsa shi ne mai surutun da ya yi tsit, ko mai natsuwar da ya koma faɗa, ko mai tsabtar da ya daina wanka, musamman idan abin ya haura mako biyu bai gushe ba. Malamin aji ya fi kowa damar ganin wannan, har ya fi iyaye wani lokaci, saboda yana ganin yaron kullum a wuri ɗaya cikin sa'o'insa.

Da na fara gane haka sai na faɗa wani ramin. Na ɗauka sauraro da nasiha abu ɗaya ne. Yaro ya zo ya buɗe baki da jimla biyu, ni kuma in karɓe zancen, in ce ya yi haƙuri, in ce wasu sun fi shi wahala, in ba shi labarin yadda muka yi karatu da fitilar ƙwai. Ya ce to mushe, wato malam, ya tafi, ba ya sake dawowa. Haƙuri abu ne mai kyau, addini ma ya yi umarni da shi, amma idan ka miƙa wa yaro shi tun bai gama magana ba, abin da yake ji shi ne ka ce ya rufe baki. Waɗanda suka koyi aikin suna yin tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a, kamar su ce yaya barcinka kwanan nan, ko wa kake gaya wa idan abu ya dame ka, sannan su jure shirun da ke biyo baya ba tare da sun cike shi da tasu maganar ba. Wurin zaman ma yana da ƙa'ida: inda ana hango ku amma ba a jin ku, kamar ƙarƙashin bishiya a tsakar makaranta. Malami namiji kada ya kulle ƙofa da ɗaliba ko da niyyarsa fara ce tas, gara ya haɗa ta da malama.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na sirri. Wata ɗaliba mai shirin jarrabawar BEPC, wato ta kammala kwaleji, ta gaya mini cewa an sa mata rana ba da sonta ba, ta roƙe ni kada kowa ya ji. Cikin jin haushi, da nufin neman mafita, na tayar da maganar a ɗakin malamai ana shan shayi. Kafin mako ya zagayo ƴan ajinsu suna kiranta amarya, gidansu ya ji cewa ta kai ƙara lakwal, wato makaranta, kuma a sauran shekarar babu ɗalibin da ya ƙara kawo mini damuwarsa. Ga shi kuwa akwai hanyar da ta dace: a nemi izininta tukuna, a zaɓi mutum ɗaya ko biyu, kamar darakta da wata dattijuwa daga ƙungiyar iyaye mata masu kula da karatun yara, su je gidan cikin mutunci. Tun watan Disamban 2017 ma Nijar tana da dokar da ta tanadi kariya da tallafi ga yarinyar da ke cikin karatu, wadda za a iya jingina da ita a irin wannan zama. Ƙa'idar masu aikin ita ce su faɗa wa yaro tun farko cewa maganarsa amana ce, sai dai idan ransa ko ran wani yana cikin haɗari, ko ana cin zarafinsa, to a nan dole a sanar da wanda zai iya kare shi, kuma yaron za a fara gaya wa kafin a sanar.

Sai maganar sanin iyaka, domin malami ba likita ba ne. Za ku ga ranar da ɗaliba za ta yanke jiki ta faɗi tana ihu, wasu su bi bayanta, makaranta ta ruɗe a ce aljanu ne. Kada ku ɓata lokaci kuna gardama da iyaye a kan ruƙiyya, ba za ku ci nasara ba, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ku watse taron, ku kai kowace ɗaliba inuwa daban, malama ta zauna da ita, daga baya a tambayi abin da ke faruwa a gida da kuma ko ta karya kumallo. Idan jijjiga ce irin ta farfaɗiya, a kwantar da yaron ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, a kuma gaya wa ƴan aji cewa ba a ɗaukarta ta miyau kuma tana da magani. Yaron da ya fara shan tiramol a zaman fada, wato majalisar samarin unguwa, ma korarsa mayar da shi ne ga masu sayar masa. Wanda kuwa ya ce gara ya mutu ya huta, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta dasa wa mutum niyyar. Idan ya amsa da i, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da iyaye su kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga ɗaki, a kai shi asibiti a ranar.

Kafin ranar da hukuma za ta ɗauki masu wannan aiki a makarantunmu, ku kai shawara gaban kwamitin kula da makaranta a zamansa na farkon shekara cewa a ware malami ɗaya da malama ɗaya da awa guda a mako wadda ɗalibai suka san da ita, a ƙara ta idan jarrabawar watan Yuni ta matso. Ku je asibitin unguwa ku gaisa da manjo, wato shugaban asibitin, tun babu abin da ya faru, ku karɓi lambarsa, ku kuma tambaye shi yadda ake tura mara lafiya sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na babban asibitin Damagaram da takardar da ake tafiya da ita.