Laraba, da Kawu Sajan a kan benci

Sai wajen ƙarfe tara na isa gareji yau. Sanyin kwanakin nan ba ya barin mutum ya fito da wuri, ga hazo ya rufe duwatsun gari ruf. Na biya ta Wunti na sayi masa. Ta ƙara kuɗi, ta kuma rage girma, da na yi magana mai masar ta ce in je kasuwar Muda Lawal in tambayi farashin shinkafa.

Ina isa na tarar da Kawu Sajan ya riga ni, ya harɗe a kan benci da hular sanyinsa har kunne. Wai fitilar gaban motarsa ce ɗaya take kashe ido. Aikin minti goma ne, waya ce ta saki, amma kun san Kawu, idan ya zauna sai an kira azahar.

Auta ne ya tsokano shi. Yana riƙe da waya, hannu duk baƙin mai, ya ce, "Kawu, kun ga jiragen yaƙin da Najeriya ta yi odarsu daga Italiya? Har guda 24!" Ya miƙa masa hoton M-346 ɗin nan na kamfanin Leonardo. Kawu ya nesanta wayar da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallo. Sai ya mayar masa ya ce, "Madalla. To wa zai buɗe cikinsu?"

Auta ya yi sororo. Ni ma na ajiye fulaya.

Daga nan fa aka buɗe littafi. Ya ce a zamaninsu a sansanin sojan sama na Kainji, lokacin da Alpha Jet ke tashe, waɗanda Faransa da Jamus suka haɗu suka ƙera, Najeriya ta sayi 24 a shekarun 1980, gaban matuƙi agogo ne reras, kowanne da allurarsa. Idan matuƙi ya sauko ya ce rediyo na shaƙewa ko wata allura na rawa, sai a zaro akwatin, a kai shi kan tebur, a kwance. Ga mita, ga dalma, ga littafin zanen wayoyi mai kauri. Ka bi layi ɗaya bayan ɗaya har ka kama inda ya ƙone. Yana faɗa yana nuna mana da yatsunsa yadda ake riƙe bakin mita, kamar allon na gabansa. Ya ce da waɗannan jiragen aka je Laberiya da Saliyo lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, kuma hannun 'yan ƙasa ne ya riƙe su.

"Yanzu kuwa, ɗan nan," ni yake kallo, "jona kwamfuta za ka yi, ta gaya maka akwati kaza ne ya mutu. Ka cire shi, ka naɗe, ka aika wa mai shi a ƙasarsu, ka zauna jira. Ko ka iya ba ka da izinin ɓalle hatimin. Jirgin yana nan lafiya lau, injinsa ƙalau, amma ba ya tashi."

Auta, da yake ba ya son a kayar da shi, ya ce ai shi dama Super Tucano bai taɓa burge shi ba, jirgi da farfela a wannan zamani. Nan Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce farfelar ba ita aka saya ba. Ka duba ƙarƙashin cikinsa, akwai wani ƙwallo mai juyawa, kyamara ce da ke ganin zafin jikin mutum da na injin babur cikin dare. Ita ce ke ɗora hasken leza a kan abin da ake so, bam ya bi hasken ya sauka. Sai allunan da ke gaban matuƙi, da kwamfutar da ke lissafin iska da nisa, da rediyon da ba a iya satar jinsa. Ya ce kusan dala miliyan 500 aka kashe a kan guda 12, kuma a cikin kuɗin akwai makamai, da horar da matuƙa a Amurka, da kayan gyara, da gine-ginen da aka yi musu a Kainji. Asalin jirgin na Embraer ne na Brazil, amma a Florida aka harhaɗa namu, kamfanin Sierra Nevada ne ya riƙe kwangilar. Shi ya sa sai da Amurka ta ga dama. Bayan kuskuren jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017 cinikin ya tsaya, sai da Trump ya hau aka ci gaba, shidan farko kuma ba su sauka Kano ba sai Yulin 2021.

Ya ce mutane suna tafa wa ranar da jirgi ya iso, ana yanka ƙyalle ana ɗaukar hoto. Kwangilar da ke cin kuɗi ita ce wadda ba a kira 'yan jarida: sabunta manhaja, sauya kyamara bayan shekaru, kawo akwatunan canji. Kuma duka da dala.

Na ce, "Kawu, amma ai ba a zauna haka nan ba. Ga jirgi mara matuƙi Tsaigumi da sojan sama suka ƙaddamar a Kaduna a 2018, ga motar Ezugwu mai sulke da DICON, masana'antar kayan yaƙi ta gwamnati, ta fitar a 2019." Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, kuma ya ji daɗinsu. Amma wai lanƙwasa ƙarfe da walda ba su taɓa gagarar mu ba, ai a garin nan Steyr ta harhaɗa manyan motoci da taraktoci tun ƙarshen shekarun 1970. In je in tambayi yaran makarantar tankoki da ke nan Bauchi abin da suka fi so a ƙara musu a mota. Wai ba kauri za su ce ba. Za su ce madubin ganin dare, da rediyo mai kyau, da na'urar nan da ke toshe sigina don kada a tayar da bam ɗin gefen hanya da wayar hannu.

Ni dai ina ganin Kawu ya cika ɗaci. Akwai yara a jami'ar ATBU da ke haɗa allon lantarki tun daga zane, na ga aikin wasu da idona, wani ma ya taɓa gyara mini inbata a tsaye. Hannu ba ya ƙaranci. Abin da nake ganin ya kamata masu sa hannu a takarda su nace a kai shi ne a rubuta cikin yarjejeniya cewa namu za su koyi buɗe akwatin, a kafa teburin gwajin a nan. Ban faɗa masa ba, don idan ka ja da Kawu sai la'asar.

Can kuma hirar ta yi sanyi. Auta ne dai ya ce da irin waɗannan kyamarori ai an daina kuskure. Kawu ya yi shiru, ya cire hularsa ya sake sawa. Ya ce, "Tudun Biri fa? Disambar 2023, jirgi mara matuƙi ne, mai ido." Mutum fiye da 80 suka mutu, masu Mauludi. Ya ce kyamara ta ga taro, gaskiya ta faɗa. Wanda ke zaune gaban allo ne ya kamata ya san watan da ake ciki da al'adar mutanen wurin. Babu wanda ya ƙara magana. Na ɗaure masa wayar fitila, ya zaro kuɗi na ƙi karɓa, ya sa mini albarka ya tafi.

Abin da ya ɓata mini rai kuwa bayan la'asar ya zo. Direban Hajiya ya kawo jif ɗinta a kan igiya, ta ƙi tashi, makullin ya daina magana da ƙwaƙwalwar motar. Na san matsalar sarai. Na ɗauko kwamfutata na jona, ta kawo wuta, ta karanta, sai ta tsaya ta ce wa'adina ya ƙare, in sabunta. Da dala. Na'urar da na saya da gumina, tana hannuna, ga mota a gabana, ga direba yana kallona yana karkaɗa makulli. Na ce masa ya dawo gobe. Auta ya buɗe baki zai ce "ka ga maganar Kawu", na harare shi ya haɗiye.

Da daddare, bayan an ɗauke wuta, na kwanta ina latse-latse, sai na ga ashe su ma masu abin ba su tsira ba. Daga Yulin 2023 sai da ma'aikatar tsaron Amurka ta yi kusan shekara guda ba ta karɓi sababbin jiragen yaƙi na F-35 ba, saboda sabuwar kwamfuta da manhajar da ake kira TR-3 ba su kammala ba. Jirage sababbi fil suna ta taruwa a ajiye. A gefe guda kuma ga jirginsu na jefa bam B-52, wanda na ƙarshensa a 1962 aka ƙera, har yau yana tashi, ana shirin sa masa sababbin injinan Rolls-Royce da sabuwar na'urar rada don ya kai shekarun 2050. Ya girmi babana. Bambancin kawai su a gidansu ake rigimar, mai kwangila da mai biya yarensu ɗaya, kuɗinsu ɗaya. Wannan ne ya hana ni barci, ba sauro ba.

Uwargida ta ce gas ya ƙare. Ummi ta ci 18 cikin 20 a lissafi, tana jiran alkawarin da na yi mata. Ɗan canjin da na kira ya ce sai da safe zai faɗa mini farashi, wai kasuwa ba ta kwana wuri ɗaya, ni kuma na ce wa Hajiya ƙarfe goma.