Ɗan Dawanau a tsakiyar gonakin Illinois

Wanda zai zo Urbana daga Shikago, ko a jirgin ƙasa ko a mota, sa'o'i biyu da wani abu zai yi yana kallon abu ɗaya: masara a dama, waken suya a hagu, ƙasa shimfiɗe ba tudu ba kwari. Ni da na taso ina ɗaukar Amurka a matsayin ƙasar dogayen benaye, sai ga ni a garin da gona ta kewaye ta kowace kusurwa. Karatun kwamfuta ya kawo ni Jami'ar Illinois. Nan ne aka ƙirƙiro Mosaic a 1993, manhajar da ta buɗe wa talaka ƙofar intanet, kuma sunan da jami'ar ta yi a wannan fanni shi ya ja ni.

Suna da wani tsari da suke kira CS + X, wato ɗalibi ya haɗa kimiyyar kwamfuta da wani fanni a digiri guda: harshe, tattalin arziki, falsafa, kiɗa, da sauransu. Ni na ɗauki kimiyyar amfanin gona. Da na faɗa wa mahaifina, wanda ya yi rayuwarsa yana cinikin hatsi a kasuwar Dawanau, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, in noma kake so ai ga gonar kawunka a Bichi, ba sai an kai ka bayan teku ba." Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku ba ni lokaci, za ku ga amfaninsa da yardar Allah." Ya sa min albarka, amma na ji a muryarsa bai gamsu ba.

Zuwan farko da wuya. Sanyin Janairu a nan yana shiga har ƙashi, iska kuma ba abin da ke tare ta tunda ba dutse ba daji. Kafin biyar na yamma duhu ya yi. Bizar ɗalibi ba ta yarda ka yi aiki fiye da sa'o'i 20 a mako lokacin karatu ba, shi ma a cikin makaranta, don haka kowace dala sai an lissafa ta. Masallacin da ke titin Lincoln ya zame min gida na biyu. A can na fara samun mutanen da za su tambaye ni ya kwana biyu, su tsaya su ji amsa.

A azuzuwan kwamfuta kuwa kaɗaici ya fi tsanani. Ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki ɗaya, da yawansu tun suna yara suke rubuta manhaja, kowa idonsa na kan gurbin horo a manyan kamfanoni. Darasin tsarin adana bayanai da ake koyarwa da harshen rubuta manhaja na C++ ya hana ni barci ba sau ɗaya ba. Ba wanda ya wulaƙanta ni, amma ba wanda ya san ina wurin.

Ɓangaren gona ne ya sa na zama mutum a garin nan. Ajin ƙarami ne, yawancin ɗaliban 'ya'yan manoma ne daga ƙananan garuruwan jihar, waɗanda ba su taɓa zama da ɗan Afirka ba. Ranar da ake maganar tsarin shuka na bayyana yadda ake haɗa gero da wake a gona ɗaya a wurinmu, gero ya yi sama, wake ya rufe ƙasa ya kuma ƙara mata ƙarfi, harawar ta zama abincin dabbobi da rani. Tambayoyi suka yi ta zuwa har bayan an tashi. Abin da na ɗauka sani ne na kowa da kowa, ashe ilimi ne da babu mai shi a ajin sai ni.

Ɗaya daga cikinsu ya gayyace ni gonar iyayensa lokacin girbi. Na hau injin girbin, na ga allo a gaban direba yana nuna yawan masarar da ke fitowa daga kowane yanki na gonar, tauraron ɗan adam na riƙe da sitiyari. Mahaifinsa ya nuna min bakin bututun da aka binne a ƙarƙashin gonar. Damuwarsu a nan ita ce yadda za a fitar da ruwa daga ƙasa, domin wannan yanki asalinsa fadama ce mai riƙe ruwa. Mu kuwa kullum addu'armu damina ta zauna. A shekara mai kyau hekta ɗaya ta masara a Illinois tana ba da sama da tan 12. A Najeriya matsakaicin bai wuce kusan tan 2 ba. Na daɗe ina juya wannan tazara a raina, kuma ban yarda cewa ƙwazo ne ya bambanta mu ba. Na san yadda kawuna yake fita tun asuba. Bambancin yana cikin iri, taki, ƙasa, bashi, hanya, da kuma bincike na shekaru masu yawa. A tsakiyar jami'ar akwai 'yar gonar gwaji, Morrow Plots, da ake nomawa ana rubuta sakamako tun 1876. Ɗakin karatun da ke gefenta a ƙarƙashin ƙasa aka gina shi, ana cewa don kada inuwarsa ta taɓa masarar.

Inda fannonin biyu suka haɗu min sosai shi ne aikin hotunan tauraron ɗan adam. Hotunan taurarin da ake kira Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo a cikinsu yana wakiltar mita 10 a ƙasa. Manhajar da aka horar da gonakin Illinois tana bambanta masara da waken suya cikin sauƙi, saboda gonakin manya ne, masu kusurwa huɗu, shuka iri ɗaya. Na ɗora ta a kan hoton wajen Bichi, sai ta rikice: gona ƙarama, gero da dawa da wake a cakuɗe, ga gawo da ɗorawa a tsakiya, ga gajimaren Agusta ya rufe rabin hoton. Wanda kwamfuta kaɗai ya karanta zai ce a ƙara bayanai. Wanda ya san gonar zai fara tambayar yaushe aka yi shuka, wace shuka ce ke riga wata nuna, kuma yaushe gawo ke zubar da ganye, tunda shi da damina yake yin hakan.

Haɗin yana da farashi, kuma ya kamata mai sha'awa ya sani. Darussan zaɓi na kwamfuta da abokaina ke zurfafawa a ciki, ni ba ni da gurbinsu duka. Lokacin ajin gwaji yakan ci karo da na wani darasin. A bajekolin neman aiki sai na yi bayanin digirina kafin a saurare ni. Amma kamfanonin injinan noma irin su John Deere suna da ofis a filin bincike na jami'ar, kuma irinmu suke nema. Akwai kuma aikin RIPE, da ke binciken yadda tsiro zai ƙara cin moriyar hasken rana, wanda wake da rogo suna cikin abin da yake dubawa. Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake.

Yanzu idan na kira gida, Baba ne ke kawo min rahoto: nawa buhun wake ya kai, daga wace ƙaramar hukuma kaya suka fi shigowa, ina tsutsa ta yi ɓarna. Na roƙi kawu ya riƙa aiko min da ranar shuka da hoton gonarsa duk mako ta WhatsApp, ya kuma samo min maƙwabtansa da za su yarda su yi haka. Da waɗannan nake son gina aikina na shekarar ƙarshe.