Hannun da ban taɓa ba

Jibi in Allah ya kai mu zan miƙa makullin kabad, shekara shida kenan a sashen tiyatar ƙirji, kuma tunda sabbin nas ɗinmu sun dame ni da "Anti ki rubuta mana wani abu kafin ki tafi", to ga shi. Ba zancen dutin dare zan yi ba, wannan kun fi ni sani yanzu.

Zancen ETS zan yi, aikin nan na yanke jijiya saboda zufar tafin hannu da jan fuska. Duk wadda ta taɓa tsayawa a tiyata ranar da ake yinsa ta san lokacin da kowa ke jira. An manna ma'aunin zafi a tafin hannu, an huda ƙasan hammata, huhu ya lafa, kyamara ta shiga, oga, wato babban likitan tiyatarmu, ya nemo sarƙar jijiyar nan da ke kwance gefen ƙashin baya wajen haƙarƙari na 2 zuwa na 4, ya ƙona ko ya ɗana kilif, wato ɗan ƙarfen da ke matse jijiyar, sai kowa ya zuba wa allo ido. Minti kaɗan lamba ta fara hawa, hannun da ya shigo a jiƙe da sanyi ya koma busasshe mai ɗumi. Oga ya ce an gama, mu ma mu ce an gama. Wajen shekara uku na yi ina ɗaukan ɗumin nan a matsayin ƙarshen magana.

Rikicin ma daga bakinmu yake farawa, don da Hausa duk jijiya ce, mai kai saƙo jijiya, mai ɗaukar jini jijiya, sai ki yi ta bayani mara lafiya na gyaɗa kai alhali kowa da abin da yake nufi. Wadda ake yankewa ta saƙo ce, amma ba zufa kaɗai take ba umarni ba, ita ce ke matse ƙananan hanyoyin jinin fata ta kuma sassauta musu. Tun farkon shekarun 1850 Claude Bernard na Faransa ya yanke irinta a wuyan zomo, kunnen wannan gefen ya yi ja ya ɗau zafi. Wato ɗumin da muke murna da shi a allo, hanyoyin jini ne suka rasa mai riƙe musu linzami. Mun karanta wannan a makaranta fa, na haddace na ci jarrabawa na watsar.

Wata yarinya da muka yi wa aikin ta dawo bayan wata biyar. Ni na yi mata bayani kafin ta sa hannu a takarda, da bakina na ce mata hannunki zai bushe ya yi ɗumi shikenan. Ta zauna a kujerar nan ta kusa da taga, ta ce Sista zufar hannun ta tafi amma yanzu yatsuna ƙanƙara suke yi, in na shiga ɗaki mai AC ko na wanke hannu da ruwan sanyi sai su yi fari-fari su mutu, biro ma sai ya faɗi. Bayan rigarta kuwa sharkaf, daga ƙirji zuwa sama a bushe ƙamas, daga nan zuwa ƙasa kamar an watsa mata ruwa. Zufar ramuwa kenan, wannan mun santa, muna faɗa wa kowa. Sanyin hannun ne ban san inda zan ajiye shi ba, sai na leƙa ofishin oga. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce hannun da aka yi wa wannan aikin ba ya sanyi, damuwa ce, irinsu dama masu yawan tunani ne shi ya sa suke zufa tun farko. Na dawo na rubuta a fayil, ba wata matsala, an kwantar mata da hankali. Hannun nata na kan tebur, tsakanina da shi bai kai taƙi biyu ba, kuma wallahi ban taɓa shi ba.

Wata uku bayan nan takardar ƙorafi ta iso daga sama. A mitin, gaban kowa har da ɗalibai, oga ya buɗe fayil ya karanta rubutuna da ƙarfi, ya ce to ai Sista ce ta ganta ta ce ba komai, shi ba a kawo masa ba. Na ce ranka ya daɗe na shigo ofis na faɗa maka. Ya ce a ina aka rubuta? Ba a rubuta ba. Ni aka ba takardar gargaɗi, tana nan a fayil ɗina, da ita zan tafi. Har yau bai taɓa tada zancen ba, kullum da safe dai "Sista ya gida", ni ma "lafiya lau ranka ya daɗe".

Haushi ne ya mayar da ni karatu, ba ƙwazo ba. Ashe sakin da hanyoyin jinin ke yi ba ya ɗorewa, cikin kwanaki zuwa makonni suna dawo da ƙarfinsu da kansu, kuma naman da aka raba da jijiyarsa yakan koma mai saurin jin sinadarin adirenalin da ke yawo a jini, kaɗan ya taɓa shi sai ya matse fiye da kima. Masani Walter Cannon na Amurka ya bayyana wannan tun 1939, kuma da shi ake bayanin dalilin da wasu ke komawa da hannu mai sanyi. Shi ya sa ma masu cutar Raynaud, mai sa yatsu su yi fari da sanyi, da ake yi wa aikin don yatsunsu su yi ɗumi, da yawansu abin ke dawo musu. Ba ɓoyayyen ilimi ba ne, yana cikin littafin da ke kan shelf ɗin oga.

Ranar da yarinyar ta sake dawowa na kama hannun da nawa biyu. Kamar na ɗauko kwalba daga firij. Na ce ƙanwata ki yafe min, ta ce ba komai Sista, dama so nake wani ya yarda.

Sauran a gurguje. In aikin ya ci gefe ɗaya kawai, rabin fuska na iya yin ja da zufa rabi ya tsaya fari, layi tsaf a tsakiyar hanci, kar ki ce wa mutum idonsa ne. Bugun zuciya na iya raguwa, ki auna kafin da bayan aiki, ki tambayi mai motsa jiki ko yana saurin gajiya. Masu cewa kilif ana cirewa komai ya koma daidai, cirewar ba ta da tabbas, kar ki yi alkawarin da ba naki ba. Ki tambaya ko an gwada maganin shafawa mai alminiyam, da injin ruwa mai lantarki, da allurar Botox kafin a kai ga wuƙa. Suwidin, inda aikin ya yi tashe a shekarun 1990, ta dakatar da shi a 2003, Taiwan kuma ta hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 20 a 2004. Ni ban ce a daina ba, na ga waɗanda suka yi kuka don murna ranar da suka fara gaisawa da mutane ba tare da goge hannu a riga ba. Kuma duk abin da babba ya faɗa miki a tsaye, ki rubuta sunansa da lokaci.

Na ƙara layi biyu a takardar bayanin da muke ba marasa lafiya, kan sanyin hannu da canjin launin fata. Sau biyu ana sake bugawa ana cire su. Kwafin da ke da su yana cikin durowa ta ƙasa, ƙarƙashin akwatin safar hannu.