Inda aka kwana a tara tsofaffin kaya: fatari ya fi babbar riga wuyar samu

Salamu alaikum 'yan uwa masu wannan ɗabi'a tamu ta bin tsofaffin tufafi, da fatan kowa yana lafiya. Ga inda aka kwana a wajena, kuma tun farko bari in faɗi abin da na gano a ɗan tsakanin nan: babbar riga irin ta kakanni ba ta kai wuyar da muke zato ba in dai da kuɗi a hannu, amma kayan ciki na mata, su fatari da ɗan tofi da shimi irin ta da, wallahi sai dai ki yi ta bulayi gida gida kina shan kallo.

Bari in fara da mai sauƙin. Na samu riga saƙi guda ta hannun wani dillali a kasuwar Kurmi, irin mai ɗige-ɗigen nan fari da shuɗi kamar jikin zabo, saƙar hannu ce ƙwarya ƙwarya aka harhaɗa, faɗin kowace ƙwarya bai wuce yatsu biyu zuwa uku ba. Aikin aska biyu ne a gefen hagu wajen aljihu, ga tambari a ƙirji ta dama da wani a baya, zaren aikin kuma tsamiya ne, wannan silikin namu da ake samu daga gidan tsutsar da ke cin ganyen tsamiya, shi yasa ba ya ƙyalli irin na kanti, launinsa ƙasa-ƙasa ne kawai. Abin da yasa na kasa barinta shine shafin da ke ƙasan rigar ta ciki, ja ne irin na alharini, silikin da fatake ke ƙetaro Sahara da shi ta hanyar Tarabulus. Dillalin dai ya rantse ya maya wai rigar ta shekara ɗari biyu, na ce to Alhaji Allah ya sa, na biya kuɗin riga ban biya kuɗin labari ba. Ku riƙa juya riga ku duba ɗinkin ta ciki, na hannu ba ya tafiya daidai, wani taku dogo wani gajere, zaren kaɗin hannu ma haka, nan kauri can siriri. In kuka ga layi ya miƙe sambal to keke ya bi ta kai, ko dai rigar ba ta kai tsufan da ake faɗi ba ko kuma gyara aka yi mata daga baya.

Kayan maza suna da gata, gaskiyar kenan. Bature Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, turkuɗin Kura har yau Buzaye sun san darajarsa, karofin Ƙofar Mata yana nan ana kai baƙi su ɗauki hoto, kuma in kika shiga intanet za ki ga rigunan Hausawa da na Nufawa a gidan tarihin British Museum na Landan an ɗauke su gaba da baya. Riga ana gadonta, ana ba da ita kyauta a gaban jama'a, ana adana ta sai Sallah. To fatari fa? Wa zai gaji fatari? Shi ana sawa ne kullum har ya mutu, in ya mutu ya koma tsumman goge ɗaki ko gammo ko ƙunzugun jariri, in kuma mai shi ta rasu ba a sa shi cikin rabon gado, a ɓoye ake kawar da shi saboda kunya. Shi yasa yau za ki samu rigar kakanki amma abin da kakarki ta ɗaura a ƙarƙashin zane shekara da shekaru babu ko ƙyalle.

Ga kuma babbar matsalar da duk wadda za ta shiga wannan ɓangaren ya kamata ta sani tun kafin ta buɗe baki. A ƙasar nan in kika je kika ce wa mace ta ba ki tsohon fatarinta, ba tarihi ne zai fara zuwa ranta ba, boka ne. Ko ƙanwar babana da ta goya ni, da na tambaye ta sai da ta ajiye carbi ta kalle ni sama da ƙasa ta ce "ke 'yar nan lafiyarki kuwa? Me za ki yi da tsummana, wa ya aiko ki?" Na ce Gwaggo Allah ya huci zuciyarki ba wanda ya aiko ni, so nake jikokinki su san irin abin da kuka sa. Ta ce jikokin da ko ɗaurin ƙirji ba su iya ba. Ranar dai ban samu komai ba sai hira, kuma hirar ce ta yi aiki, don daga baya da kanta ta aiko yaro wai in zo. Ta buɗe adakarta ta ƙarfe, warin kafur da tsohon turare ya bugo, can ƙasan zannuwa ta zaro fatari na farin akoko da ya koma ruwan madara don tsufa, bakinsa an zagaye shi da jan zare da hannu, mazugin kuma igiya ce da aka tufka ba roba ba, har da ɗan aljihu a ciki ta wajen ƙugu inda ta ce nan take ɓoye kuɗin adashi. Na cikin lefenta ne, ta ce sau ɗaya ta sa ta ga ya yi mata kyau da yawa ta mayar. Tare da shi ta ba ni jigida baƙa ta ainihi, mai nauyi, ba irin ta roba da ta cika kasuwa daga baya ba.

Don haka shawarata, kar ku fara da baƙi, ku fara da tsofaffin gidanku, kuma kar ku fara da roƙo. Ku je da goro ko ɗan turare ku zauna a yi hirar aurenta, me aka zuba a lefe, atamfa turmi nawa, wa ya ɗinka. Kayan za su fito da kansu in za su fito.

Yanzu sai maganar sanin shekara, nan ne na fi jin daɗin aikin kwanan nan. Tsohuwa ba za ta ce miki 1968 ba, in kika matsa ma ta ce ita ina ta sani, amma tana riƙe da abin da ya faru daram. Sai na rubuta wa kaina 'yan alamomi a bangon littafi: zuwan Sarauniyar Ingila 1956, naɗin Sarki Ado Bayero 1963, rasuwar Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi 1972, shigowar naira da kwabo 1973, kisan Murtala Fabrairun 1976, canjin kuɗi na mulkin sojan Buhari 1984. Sai in tambaya, Inna lokacin da aka sai miki wannan zanen an kashe Sardauna ko tukuna? Da fam aka saya ko da naira? In ta ce fam biyu da sule goma to da alama kafin 1973 ne. Gwaggo ta ce ana cikin yaƙi aka kawo lefenta don angon ma yayansa yana bakin daga, kinga fatarin nan ya samu shekararsa ba tare da na yi ƙarya ba. Duk abin da aka faɗa min ina rubutawa a ƙaramin kati, daga wane gari, wa ya ɗinka, da me aka yi, in haɗa da zare a jikin kayan, ba fil ba don fil yana tsatsa.

Atamfa ita da sauƙi, bakin zanen za ki duba. Holan ta kamfanin Vlisco ce da ke garin Helmond tun 1846, suna buga sunansu da lambar zane a gefe, Super kuma sai 1973 ta fito, don haka in wata ta ce Super ɗinta ta auren zamanin Sardauna ce sai ki yi murmushi kawai. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki 1957, masaƙar UNTL kuma, ita ma ta Kaduna, an kafa ta 1964 ta rufe 2007, yanzu duk ƙyallen da na gani da tambarin masaƙun Kaduna ba na barinsa ko ya koɗe, don ni a wajena ya fi Holan ɗin daraja, Holan har gobe ana yi, waɗancan kuwa an gama. Matsalar dai tela yakan datse bakin ya zubar, shi yasa zanen ɗaurawa ya fi riga amfani a wajenmu.

Sai kuma gwanjo. Ina leƙa Ƙofar Wambai ranar da aka kwance dila, kuma cikin tarin shimi da siket na ciki da rigar mama wani lokacin sai ki ci karo da wadda ta girmi mai sayarwar. Nan sai an ɗan san tarihin Turawa don kayansu ne. Rigar mama irin wadda muka sani, wata Ba'amurkiya Mary Phelps Jacob ce ta yi rajistar tata a 1914, da hankici biyu da ribon ta fara haɗa ta. Nailan kamfanin DuPont ne ya ƙirƙiro, safarsa ta mata ta bazu a kantunan Amurka a 1940, zaren nan mai talewa da ake ce wa Lycra kuma sai 1958 aka samo shi, kenan duk abin da kika ga an rubuta Lycra a lakabinsa to bayan nan ne. In kika ga lakabin St Michael to kayan kantin Marks & Spencer ne na Ingila, kuma sun daina sa sunan a 2000, na samu shimi ɗaya mai shi, ruwan hoda, da leshi a ƙirji, irin wadda iyayenmu ma'aikatan asibiti da malaman makaranta ke sawa a ƙarƙashin yunifom. Akwai wani tambari CC41 da gwamnatin Ingila ta sa wa tufafi daga 1941 lokacin yaƙin duniya na biyu da aka taƙaita yadi, shi har yanzu a hoto kawai nake ganinsa, duk wadda ta ci karo da shi a dila dan Allah kar ta tsaya ciniki. Mai gwanjon da nake zuwa wajensa ya riga ya gane ni, da ya hango ni sai ya ce "Hajiya ga irin naki na tsofaffi na ware miki", kuma ya fara ƙara kuɗi, abin da nake gudu kenan.

In kina shakkar yadi, zare ɗaya za ki zaro daga cikin ɗinki ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da wuta da warin takarda ta bar toka mai laushi, siliki warin ƙonannen gashi yake, nailan da ɗan uwansa foliyesta narkewa suke su dunƙule su yi tauri. Zare ɗaya na ce fa, ba gefen riga ba.

Adanawa kuma a taƙaice: leda ba ta yi, da damina gumi take tarawa sai ki buɗe ki tarar da fumfuna. Akoko nake saya in wanke shi sosai ya fita daga sitati in naɗe kowane kaya daban, mai shuni nesa da fari don baba yana zuba ko ba ruwa. Babbar riga ba a rataye ta, nauyin aikin yana yaga kafaɗa, a ninke ta kuma lokaci lokaci a sauya wajen ninkin kar ya karye. Kafur yana korar asu amma kar ya taɓa yadin, a ƙulle shi a ƙyalle a ajiye a kusurwa. Wanki kuwa in ba dole ba a bari, in ya zama dole ruwan sanyi da hannu, ba bilic ba bula ba murza, a shanya a inuwa a shimfiɗe. Tsofaffin rigunan mama maɗaurinsu na ƙarfe yana tsatsa ya ɓata yadi, ni ina sa ɗan ƙyalle tsakani, robar kuma in ta mutu ta mutu, ba na sauyawa don in na sauya ya zama kayana ba na zamaninsu ba.

Maganar nuna wa mutane, na fara da taron suna a gidanmu bayan an watse saura mu mata, na shimfiɗa tabarma na jera su. 'Yan matan sun yi ta dariyar fatari wai siket ɗin makaranta, amma da Gwaggo ta karɓe zancen ta fara ba da labarin yadda a da zane ɗaya ake ɗaurawa a ƙirji a yafa wani, riga sai daga baya ta zama ta kowa, sai ga shi duk sun ajiye waya, har wata tsohuwa maƙwabciya ta ce ita ma tana da ɗan tofi a ƙauye in an je za a taho min da shi. Ƙa'idata dai ba ta sauyawa, kayan ciki ba na sa wa kowa a jiki don hoto, a shimfiɗe nake ɗauka, ba na faɗin sunan mai shi sai dai gari da zamani, kuma sai ta yarda. Wani ya turo min saƙon banza kan hoton shimi na toshe shi na ci gaba da harkata.

Abin da nake nema yanzu bante ne na saƙar hannu da wando buje, sai shimin da telan gida ya ɗinka da keken Singer ba ta kanti ba. Masu 'yan uwa a Zariya da Kura da Damagaram ku taya ni cigiya, ni kuma ina da atamfar Kaduna guda biyu iri ɗaya, zan iya musaya da ɗaya.