Baƙar Sega da na tsinto a Kasuwar Barci

Ranar Asabar na shiga Kasuwar Barci ta Kaduna neman fankar tebur 'yar gwanjo, ina cikin duba kaya a wata rumfa sai idona ya faɗa kan wani baƙin abu a ƙarƙashin tarin tsofaffin rediyo da DVD, ƙura ta gama rufe shi amma wallahi tun daga nesa na gane ta, na'urar gem ce, Sega Mega Drive, ta farkon nan mai faɗi ba ƙaramar da ta biyo baya ba. Nan take na manta da zancen fanka.

Ni dai a wajena har yau ba a ƙera na'urar gem da ta kai ta kyau ba. A 1988 ta fito a Japan, ta shiga Turai a 1990, a Amurka kuma Genesis suke ce mata. Baƙa wuluk, ga wani zagaye a samanta kaman faifai, a ciki an rubuta 16-BIT da ruwan gwal, sannan daga hagu ga ɗan makunnin da ake turawa, ga wajen ƙara murya shi ma turawa ake yi sama da ƙasa, ga ramin iyafis a gaba. Kuma ramin nan ba ado bane, ta nan ne kawai sautinta ke fita kunne biyu, wayar da ke zuwa talabijin guda take bayarwa. Shiyasa in ka ajiye ta a falo sai ka rantse 'yar uwar rediyon Baba ce mai kaset biyu, ba ta yi kama da kayan wasan yara ba sam, kuma mu a lokacin abun da muke so kenan, a ganmu da kayan manya. Da suka fito da Mega Drive 2 a 1993 sai suka cire ramin iyafis ɗin da abun muryar, ta koma wani ɗan akwati kawai, gaskiya wannan ba ta taɓa shiga raina ba.

Kafin Sega kuwa mu a Tudun Wada famili kom muka sani, kuma yawanci jabu ne, irin su Terminator masu kaset ruwan ɗorawa da ake rubuta dubban wasanni a jiki alhali guda nawa ne suke ta maimaituwa. Ita ta asalin, Famicom ɗin Nintendo ta 1983, fara ce da ja mai duhu, kuma wanda ya tsara ta ya san halin yara, dan an yi wa fad ɗin biyu, wato abun da ake riƙewa a hannu ana buga wasan da shi, mazauni a gefe da gefe, ka gama wasa ka soke su a nan ba sai Umma ta yi tuntuɓe da su ba, fad na biyun ma har makirfo gare shi. Wadda suka kai Amurka a 1985 kuwa ruwan toka ce, an yi ta kaman bidiyo mai murfi a gaba saboda kasuwar gem ta can ta rushe a 1983, masu shaguna suna gudun duk abun da ya yi kama da gem. Dabara ce, amma ba kyau.

Atari 2600 ta 1977 ita ma tana burge ni saboda launin katakon nan na gabanta. Duk wanda ya tuna talabijin mai jikin katako da ƙofar ja a gidajen ma'aikatan masaƙa na Kakuri zai gane dalili, an yi ta ne ta saje da kayan ɗaki.

A kwamfuta kuma ZX Spectrum ce tawa, a gidan wani kawuna malamin makaranta a Zariya na fara ganinta. 'Yar Ingila ce ta 1982, Rick Dickinson ne ya zana jikinta, ƙarama kaman littafi, baƙa, maɓallanta na roba masu laushi, sai wasu layuka huɗu a karkace a kusurwa, ja da ɗorawa da kore da shuɗi. Ado ɗaya tal kenan kuma ya wadatar. Commodore 64 da suka fito shekara ɗaya ta fi ta daɗin bugu amma jikinta wani dunƙule ne mai launin ƙasa, ban taɓa tsayawa kallonta ba.

To mai rumfar nan dai ya ce min "Yallaɓai ba fad, ba adafta, ban kuma gwada ta ba", na ce naji ka faɗi kuɗinta, muka ɗan ja na biya na saka ta a leda na hau Keke. Da daddare na zauna da tsohon buroshi da tsumma ina bin ramukan iskarta ɗaya bayan ɗaya har gwal ɗin 16-BIT ya fito tas, na tura abun muryar sama na dawo da shi, yana tafiya sumul kaman jiya aka yi shi. Babban ɗana yana tsaye a kaina yana tambaya wai Abba ina ake saka faifan. Na nuna mai bakin kaset ɗin, na ce Asabar mai zuwa tare zamu koma neman fad mai maɓalli uku.