Godiya ga duk wanda ya sa hannu a allon jirginmu

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Alhamdulillahi, allon agogunan ƙaramin jirgin saman da muke haɗawa a gida, wato allon gaban matuƙi mai ɗauke da agogunan nuna tsayi da gudu, ya kammala, an lulluɓe fuskarsa da fallen katakon maɗaci, ya zauna daram. Jirgi dai bai tashi ba tukuna, da sauran aiki a gaba, kuma ba zai tashi ba sai hukumar kula da jiragen sama ta duba ta amince. Amma wannan gaɓar ta ba mu wuya ƙwarai, ba zan iya yin shiru a kan mutanen da suka fid da mu ba.

Godiya ta farko ga Baba, tsohon kafintan nan na Sabon Gari. Allon na alminiyam ne, fallen katakon kuma kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Abubuwa biyu ne da ba sa jituwa: ƙarfe zafi ke buɗa shi, katako kuwa danshi ke kumbura shi, bushewa ta tsuke shi. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, hunturu kuma ya busar da komai, sai fallen ya yi ta tashi yana tsagewa. Baba bai taɓa shiga jirgi ba, amma da ya shafa allon da tafin hannu sai ya ce: “Ɗana, ƙarfen nan ya yi santsi, gam ba zai kama ba. A kankare shi da samfefa, a wanke maiƙon, a bar katakon ya kwana biyu a ɗakin ya saba da iskar wurin.” Haka aka yi. Ya shafa gam siriri a fuska biyun, ya danne daga tsakiya zuwa baki don kada iska ta maƙale, ya ɗora nauyi. Ramukan agoguna, manya masu faɗin milimita 80 da ƙanana masu 57, bai yarda a yanka su ba sai da gam ya bushe, sannan ya bi bakin kowane rami da sabuwar reza a hankali, ko tsaga ɗaya babu. Ko dala bai karɓa ba. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Na gode wa yayana direba da ya ɗauko fallen daga Kano a shimfiɗe tsakanin kwalaye, bai bari an naɗe shi ko an ɗora masa kaya ba.

Malam, tsohon makanikin jirgi da ya yi ritaya, shi ya hana mu shafa banish mai ƙyalli. Ni a raina mai ƙyallin ya fi kyau, amma ya nuna mana yadda rana za ta doki allon ta dawo idon matuƙi har ya kasa karanta agogon tsayi ko na gudu. Muka sa marar sheƙi. Shi ne kuma ya sa muka nemo sukurorin tagulla na kusa da kamfas, wato na'urar nuna arewa, domin na baƙin ƙarfe suna karkatar da allurarsa. Malam, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Inna ta ba mu ɗakinta na ƙurya, muka toshe taga da jiƙaƙƙen zane don ƙura kada ta sauka kan banish, ita kuma ta koma kwana a rumfa cikin sanyi ba ta ce uffan ba. Inna, Allah ya biya ki da Aljanna. Yaran unguwa da suka yi ta kai da kawo tsakanin gida da Kasuwar Dole, Allah ya yi muku albarka.

Yanzu sai jan wayoyi a bayan allon. Duk mai sanin lantarkin mota ko na jirgi da zai iya ba mu lokaci ranar Asabar bayan la'asar, ya yi mani magana ta akwatin saƙo.