Daga Zariya zuwa Jos a sawun ƙaramin jirgi

Titin motar da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Saminaka ya haura Jos, kusan sawun wani jirgin ƙasa yake bi, jirgin da akasarin masu bin hanyar yau ko labarinsa ba su taɓa ji ba. Turawan mulkin mallaka ne suka shimfiɗa layinsa, ya kai Rahama a 1912, ya isa Jos da Bukuru a 1914, tsawon mil 143. Da sunan Bauchi aka san shi, saboda a lokacin tsaunukan Jos na cikin lardin Bauchi, amma bai taɓa taka garin Bauchi ba.

Tare da kawuna muka yi tafiyar, dattijo ne da ya haura shekara tamanin, kuma ya hau jirgin yana yaro. Tun daga Dutsen Wai yake leƙen taga, in ya ga wani dogon tudu miƙaƙƙe a cikin gonaki sai ya taɓo ni: "Ka gani? Nan dogo ya bi." Wani wurin na gani, wani wurin dai na ce "Haka ne, Kawu" don a zauna lafiya. Bayan Jengre mota ta kama hawa, iska ta yi sanyi, kowa ya fara laluben rigar sanyinsa.

Washegari da hantsi muka nufi gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ga shi maƙwabcin gidan zu. Yawancin baƙi gumakan yumɓun Nok suke zuwa gani, da kwatancin ganuwar Kano da masallacin Zariya da aka gina a filin wurin. Mun duba su a gurguje, don hankalin Kawu na wajen ƙarfe, wato tsohon kan ƙaramin jirgin da aka ajiye a wurin.

Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantar kan jirgin. Tsakanin ƙarafan layinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, alhali babban layin Najeriya ƙafa 3 da inci 6 ne. Na leƙa wurin zaman direba: ɗan lungu ne, mutum biyu sai sun goga kafaɗa, ga bakin murhun da ake zuba kwal da shebur daidai gwiwarsu, ga tukunyar ruwa a gabansu. Wuta ta tafasa ruwa, tururi ya tura sandunan da ke juya ƙafafu, shi ke nan aikin. Kawu ya dafa jikin ƙarfen ya ce, "In ya kama hawan dutse nishi yake kamar tsohon jaki da kaya. Tartsatsin wuta ya shigo ta taga ya huda maka sabuwar riga, ba ka da wanda za ka kai wa ƙara."

Ba don fasinja aka yi shi ba, don kuza aka yi. Kafin zuwansa 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka, su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin kogin Binuwai, a loda wa jirgin ruwa. Ƙaramin layi ya fi arha, ya fi iya karya kwana a cikin duwatsu, shi ya sa aka zaɓe shi. Illarsa ɗaya: in an iso Zariya dole a sauke kaya kaf a sake lodawa a manyan taragu. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta sami hanya kai tsaye zuwa Fatakwal, kwal ɗin Inugu kuma ya riƙa haurowa. Daga nan kasuwar ƙaramin jirgi ta fara ja baya, har aka rufe shi a 1957.

Wani matashi da ke tsaye kusa da mu ya tambayi Kawu, "Baba, yanzu wannan zai iya tashi?" Kawu ya yi dariya kawai. Ni kuwa ban ga abin dariya a tambayar ba. Saliyo irin wannan faɗin layin ta yi amfani da shi, kuma da aka rufe nata, masu sha'awar tsofaffin jirage daga Birtaniya suka sayi kai ɗaya da taragun fasinja a 1975, suka kai layin Welshpool da ke yankin Wales, suka hura masa wuta ya ci gaba da jan 'yan yawon buɗe ido. Wasu daga cikin sauran kuma aka tattara su a gidan tarihin jiragen ƙasa na Firitawun, babban birnin Saliyo. A ganina ko rabin mil aka shimfiɗa a Jos, aka gyara kai guda yana busa usur ranar Asabar, 'yan makaranta kaɗai sun isa su cika taragun.